Kwana Huɗun da Na Yi Ina Shirin Ganin Likita

Shekarata 47 a duniya, amma har zuwa watan Janairun 2025 ban taɓa yankar kati a asibiti da sunana ba. Na kai maiɗakina awon ciki, na kai yara allurar rigakafi, na kwana a kan tabarma ina jinyar 'yan uwa, sai dai ni kaina kemis ɗin bakin kasuwa shi ne asibitina. Ni malamin firamare ne a Argungu, kuma kamar yawancin mutanen garinmu ina da gonar shinkafa a fadama wadda nake nomawa damina da rani, saboda haka na saba ɗaukar gajiya da ciwon jiki a matsayin abin da ke tare da sana'a.

Abin ya fara ne bayan Maulidi da 'yan makonni. Da farko kasala ce wadda barci ba ya kore ta. Daga baya idan na ɗago daga ruku'u sai in ga duhu ya rufe mini ido na ɗan lokaci, har sai na dafa gwiwa na jira ya wuce. Injin ban-ruwan da na saba saukewa daga kan babur ni kaɗai ya koma yana sa ni haki, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunne. Ga kuma wani zafi a saman cikina, daidai ƙasan ƙashin ƙirji, wanda yakan tashe ni wajen ƙarfe biyun dare. Sau uku na je kemis a cikin wata uku, sau uku aka ce mini maleriya ce da taifot, na sha ƙwayoyi, aka yi mini allurai, har ƙarin ruwa leda biyu aka yi mini a gida. Maƙwabta kuma kowa da sunan da ya ba ciwon: wani ya ce shawara ce, wani ya ce basir ne ya hau sama, wani dattijo ya kira ni gefe ya ce in nemi tsari. Duk da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma duk wanda ya kawo jiƙo na karɓa na sha.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kebbi. Wata Juma'a ta zo suna a gidanmu, muna gaisawa sai ta tsaya tana kallona, ta ce in fito haske. Ta ja fatar idona ta ƙasa da ɗan yatsa, ta buɗe tafin hannuna ta ajiye nata kusa da shi, sai na ga nawa ya yi fari fat kamar wanda ya daɗe a cikin ruwa. Ta ce, "Yaya, ba ka da jini. Ranar Talata ina son in gan ka a asibiti, kuma don Allah kada ka ƙara shan komai daga kemis kafin nan." Na ce mata ai ban san abin da zan ce wa likita yana damuna ba, tun da ciwon ba shi da suna. Ta ce sa wa ciwo suna aikin likita ne, nawa aikin shi ne in kawo masa labarin yadda yake, cikakke kuma a jere. Azumi kuma saura kamar mako shida, kuma na san a yadda nake ba zan iya kai yini ba, wannan ya sa ban yi mata gardama ba.

Abu na farko da ta sa ni yi shi ne in samo littafin rubutu. Ta ce likitan da ke duba marasa lafiya na waje yana da mutane da yawa a layi, da wuya in samu fiye da minti goma ko sha biyar a gabansa, kuma mutumin da bai shirya ba yakan ƙarar da lokacin yana cewa "jikina ne dai ba daɗi," sai ya fito ya tuna abin da ya fi muhimmanci a bakin ƙofa. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Da na zauna bayan sallar isha'i sai na tarar ban san ranar da abin ya fara ba, ban san wanne ya riga wanne ba tsakanin jirin da zafin cikin. Dabarar da ta fisshe ni ita ce jingina kowane abu da wani lokaci da ba na mantawa: kasalar ta zo bayan Maulidi, jirin ya fara lokacin yankan shinkafar damina, hakin kuma sai da muka shiga shirin noman rani. A ƙarƙashin kowanne na rubuta lokacin da yake zuwa, abin da ke tsananta shi, da abin da ke sa ya lafa. A nan ne na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, cewa zafin cikin yana tashi ne idan cikina babu komai, kuma yana kwantawa idan na sha kunu ko fura.

Maiɗakina ta ƙara mini abubuwan da ni ban gani ba. Ita ce ta tuna mini cewa tun watan Nuwamba nake barin rabin tuwona, kuma tazugen wandunana ya ƙara tsawo idan na ɗaure. Ina ganin duk wanda zai je irin wannan ganin likita ya kamata ya tambayi wanda suke kwana gida ɗaya, domin mai ciwo yana sabawa da ciwonsa a hankali har ya daina ganinsa.

Akwai abu guda da na ƙi rubutawa a daren farko. Sau biyu a cikin watan Disamba na ga bayan gidana ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, da wani wari daban. Na ɗora laifin a kan jiƙon da nake sha, na bar maganar a cikina, domin ba irin zancen da namiji mai iyali yake yi da kowa ba ne, balle da ƙanwarsa. Ranar Lahadi ta kira ni a waya ta ce in karanta mata abin da na rubuta, da na gama sai ta tambaye ni kai tsaye game da fitsari da bayan gida. Na yi shiru. Ta ce, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Da na faɗa mata, muryarta ta canza, ta tambaye ni ko yanzu ma haka yake, ko na taɓa aman jini ko wani abu mai kama da garin kofi. Na ce a'a, ya koma daidai tun makonni uku. Ta ce da a ce yana nan har yanzu, da ba za mu jira Talata ba, a daren nan za a kawo ni sashen gaggawa, domin baƙin bayan gida irin wannan yakan nuna jini ne ke zuba a can sama cikin tumbi ko farkon hanji, ya narke kafin ya fito. Ta ce in rubuta shi a saman shafi, in fara faɗarsa kafin komai.

Abu na biyu shi ne magunguna. Ta ce in tattara duk abin da na sha a cikin wata shida, kwali da kati da kwalba, ko da sun ƙare, in zuba a leda guda. Na bincika aljihun riguna, da kan taga, da akwatin babur. Abin da na tara ya ba ni tsoro. Ban da magungunan maleriya da na taifot, na tarar da katuna da yawa na diclofenac, wanda na kusa shekara biyu ina sha saboda ciwon baya idan na dawo daga fadama, sau da yawa biyu a rana, sau da yawa kuma da sassafe kafin in karya. Ni ban ma lissafa shi cikin magani ba, na ɗauke shi kamar goro. Akwai kuma haɗin da ake ƙulla mini a 'yar farar leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban ba tare da suna ba. Na koma wurin mai kemis na roƙe shi ya rubuta mini sunan kowace, bai ƙi ba, sai ga shi a cikin haɗin ma akwai ibuprofen, wanda ɗan gida ɗaya ne da diclofenac. Jiƙon kuma na ɗebo kaɗan a gorar ruwa, na rubuta abin da aka ce mini yana ciki, sassaƙen marke da ganyen sabara da wasu da mai bayarwar bai bayyana ba. Na so in bar shi a gida don kada likita ya yi mini faɗa, amma ƙanwata ta ce hanta da ƙoda ba su san bambancin na bature da na gargajiya ba, duk ta wurinsu yake bi.

Na uku shi ne tarihin gida, wato cututtukan da iyaye da 'yan uwa suka yi. Ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata tana yi mini alkunya irin ta mutanen da, ba ta zama ta yi doguwar magana da ni. Saboda haka na tafi wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce ta yi jinyarsa. Da na tambaye ta abin da ya yi ajalinsa sai ta ce, "Ciwon ajali na, Allah shi jiƙan shi." Na ce amin, na zauna na bi ta a hankali, har ta tuna cewa an taɓa ce masa yana da hawan jini, kuma ɓarin jikinsa guda ya shanye kafin rasuwarsa. Ta kuma gaya mini cewa yayarsu tana fama da ciwon suga. Babu wanda ta sani a dangi da ya yi ciwon daji na ciki ko ciwon hanta. Duk na rubuta.

Maganar kuɗi ba ta ɗauke ni lokaci ba, ko da yake ita ce ke hana mutane da yawa motsawa. Ƙanwata ta tambaye ni ko ina da rajista da KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kebbi, na ce ban yi ba. Sai ta ce in yi tanadin kuɗin kati, da na gwaje-gwaje, da na magani, da na mota zuwa biyu ko uku, domin da wuya a gama a yini ɗaya. Na sayar da buhu biyu na shanshera, na nemi izinin hedimasta, na kuma roƙi ƙanena ya raka ni, saboda jirin da kuma samun kunne na biyu da zai riƙe abin da likita ya faɗa.

Daren Litinin na ci abinci da wuri, wajen ƙarfe tara na rufe baki. Gwajin suga na safe yana buƙatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba, kuma ko da yake ba a riga an rubuta mini shi ba, ƙanwata ta ce in zo a shirye don kada a ce in dawo gobe. Ruwa zalla ya halatta, har ma yana sauƙaƙa samun jijiya da kawo fitsari, amma ban da shayi, ban da kunu, ban da goro, domin goro da sigari suna ɗaga awon hawan jini. Maiɗakina ta ƙulla mini ƙosai da gorar kunu don in karya bayan an ɗebi jini, na kuma ware riga mai faɗin hannu wadda za a iya naɗewa har kafaɗa.

Ban yi barcin kirki ba a daren, kuma ba zafin ciki ne kaɗai ya hana ni ba. Tsoro ne. Muddin ciwo ba shi da suna mutum yana iya ce wa kansa gajiya ce, amma gobe za a iya kiran wani suna daga cikin waɗanda muke jin tsoro, ciwon hanta, ko ciwon daji, ko ƙoda, kuma ina da yara shida. Na yi imani wannan tsoron ya fi rashin kuɗi tsare magidanta a gida, ko da yake ba ma faɗa. Na tashi na yi nafila, na roƙi Allah ya sa abin da za a gani ya zama mai magani, sannan na buɗe littafin na ƙara shafi guda na tambayoyin da nake son yi: mene ne ake zato, wane gwaji ne ya zama dole yau idan kuɗi bai kai duka ba, me zan daina, wace alama ce idan na gani zan dawo ba tare da jiran rana ba, kuma ko zan iya azumi.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a tasha cikin hazo da sanyin hunturu, kafin ƙarfe takwas muna layin yankar kati. Daga nan aka tura mu wurin nas, ta ce in zauna in huta minti biyar kafin ta ɗaura mini abin awo, in jingina baya, in ajiye ƙafa biyu a ƙasa, kada in yi magana. Awon ya nuna 126 bisa 80, ta ce ana fara maganar hawan jini ne daga 140 bisa 90, shi ma sai an maimaita a wata rana. Bugun zuciyata kuwa 104 ne a minti, alhali na babban mutum da ke zaune yakan tsaya tsakanin 60 da 100. Na hau sikeli ya nuna kilo 61. Ta tambaye ni nawa nake a da, ban sani ba, domin ban taɓa aunawa ba, kuma wannan ne gurbi guda da duk shirina bai iya cikewa ba.

Wajen ƙarfe goma da rabi aka kira sunana. Likitan matashi ne, ya ce, "Malam, me ke tafe da kai?" Na buɗe littafin na fara da abin da ke saman shafi. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ajiye biro, ya ce in ci gaba. Cikin minti uku na karanta masa duka a jere. Sannan na juye ledar a kan teburinsa, ya riƙa ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya, ya ware na diclofenac gefe ya ƙirga su, ya karanta takardar mai kemis. Bai yi mini faɗa ba, ko a kan jiƙon. Ya bayyana mini cewa irin waɗannan magungunan kashe zafi suna rage kariyar da bangon tumbi yake da ita daga ruwan tsamin da ke narka abinci, idan aka daɗe ana shan su, musamman biyu a haɗe, suna iya haddasa gyambon ciki, gyambon kuma ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan har mutum ya ƙare bai sani ba.

Duk da haka bai tsaya a kan zato guda ba. Da ya ji ina noman fadama sai ya tambaye ni ko na taɓa fitsarin jini, saboda tsargiya tana kama masu shiga ruwan fadama, kuma akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa tana shan jini. Ya tambayi tari da ya kai mako biyu, da zufar dare, da yawan ƙishirwa da fitsari. Ya kwantar da ni ya danna cikina sashe-sashe, da ya zo ƙasan ƙirji na ɗaga saboda zafi. Ya rubuta gwajin yawan jini, da na maleriya, da suga, da ƙoda, da ciwon hanta nau'in B, da fitsari, da bayan gida, ya kuma nemi yardata kafin ya ƙara na ƙanjamau. Na tambaye shi na taifot fa, sai ya ce gwajin Widal da aka saba yi yakan nuna akwai ciwon ga mutanen da ba su da shi, kuma ni ban ma yi zazzaɓi mai ɗorewa ba.

A ɗakin gwaji aka ɗebi jini kwalba uku ƙanana, aka ba ni roba biyu, aka ce na fitsari in bar na farko ya zuba in tari na tsakiya. Sai a lokacin na karya. Wasu sakamakon sun fito da rana, sauran sai washegari, saboda haka na kwana a gidan ƙanwata. Babu maleriya, suga 5.1 ne alhali ana kiran ciwon suga daga 7.0, hanta da ƙoda lafiya, na ƙanjamau babu, ba a ga ƙwan tsutsa ba. Sinadarin jini kuwa, wanda suke kira himoglobin, 8.7 ne, kuma likita ya ce duk namijin da nasa ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Ya hana ni diclofenac da ibuprofen da duk wani haɗi marar suna, ya ce ciwon baya in tsaya a kan farasitamol, ya fara ba ni omeprazole, maganin rage tsamin ciki, da ƙwayar ƙarin jini. Ya gargaɗe ni cewa ƙwayar ƙarin jinin ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo da wari irin na wancan, kuma idan na ga wancan ya dawo, ko na yi aman jini, ko na faɗi, in zo nan take ko da tsakar dare.

Saboda shekaruna, da ramar, da ƙarancin jinin, ya ce ba zai wadatu da zato ba sai an leƙa cikin da ido, ya rubuta mini takardar zuwa wurin da ake zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki. Bayan kwana tara aka yi, da cikina babu komai tun tsakar dare, aka fesa mini maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin bai wuce minti goma ba. An ga gyambo a farkon ƙaramin hanji, babu alamar daji, kuma ɗan abin da aka tsinko ya nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita da magungunan kashe zafi su ne manyan masu haddasa olsa. Aka ba ni magani iri uku na kwana 14.

Tambayar azumi na riƙe ta har zuwa komawata a ƙarshen Fabrairu, lokacin da jinin ya hau zuwa 10.9. Likita ya ce a ganinsa in dakata a bana, gyambon bai gama warkewa ba kuma jinin bai cika ba. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, domin tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. Na je wurin limamin unguwarmu da littafin a hannu na yi masa bayani, ya karanto mini aya ta 185 ta Suratul Baƙara, wadda ta ba marar lafiya da matafiyi damar ramawa a wasu kwanaki. A watan Yuni aka sake aunawa jinin ya kai 13.4, sikeli ya nuna kilo 66, na rubuta su a shafin da ke bin na farko, kuma da sanyi ya shigo a watan Disamba na rama azumin.